Maƙwabci ya yi ciko, ruwa ya dawo mana tsakar gida

Maman Safiya: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don maigidan yana gona tun farkon harif, wato damina, wayarsa ma ba kullum take shiga ba. A Gadarif ta Sudan muke. Gidanmu yana bayan na maƙwabcinmu, ƙofarmu tana kallon wani lungu da ya fi tsakar gidanmu tudu. Tun zamanin surukina akwai rariya a gindin katangar da ta raba mu, ruwan sama yana fita ta nan, ya bi gefen gidan maƙwabcin ya faɗa kwatar titi. Ba a taɓa samun magana a kai ba.

Da yaƙi ya shiga garin Madani 'yan'uwansa suka gudo wurinsa, mutane da yawa, har da tsofaffi. Bana kafin ruwa ya sauka ya sa gallab, wato motar tifa, ta juye masa ƙasa, ya ɗaga tsakar gidan, ya zuba siminti, ya gina ɗakuna biyu na bulo jikin katangarmu. Rariyar ta binne. Kuma bakin kwanon sabbin ɗakunan kanmu yake zubowa. Ruwan daren Talata har ƙofar ɗaki ya zo mana, yara a kan gado suka kwana da takalmansu a hannu. Katangar jalus ce, wato ginin laka, gindinta ya jiƙe ya fara zubewa, ga tsaga ta fito daga ƙasa zuwa sama, hannuna yana shiga. Na aika ƙanin maigidan ya yi masa magana, sai ya ce gidansa ne, kuma ruwa na Allah ne, ba shi ya saukar ba. Me zan yi?

Ɗan Kassala: Wa alaikumus salam. Yaya, wannan ai rainin wayo ne, don ya ga maigida ba ya nan. Ki sa yara su ɗauki diga su huda wajen rariyar, ruwan ya koma inda ya saba bi. In ya yi magana ki ce masa ruwa na Allah ne.

Hajiya Babba: Kai ɗana, rufa mana asiri. Mace ita kaɗai da yara za ka tura ta fasa ginin mutum? Yanzu gaskiya tana hannunta, ranar da ta ɗaga diga ta miƙa masa ita. Maman Safiya, 'yata, kafin komai: akwai ɗakin da ya jingina da wannan katangar? In akwai, yau ɗin nan ki kwashe yaran daga ciki. Ginin laka ba ya sallama in zai faɗi, kuma yawanci cikin dare yake zuwa, bayan ruwa ya ɗauke kowa ya saki jiki.

Maman Safiya: Akwai Hajiya, ɗakin 'yan matan ne. Yanzu zan sa su fito da kayansu, su koma wajena.

Abban Musa: Allah ya kiyaye gaba. Amma jama'a a yi wa mutumin nan adalci, tunda ba ya cikinmu balle ya kare kansa. Duk wanda yake Gadarif ya san abin da muka gani tun Disambar 2023, sannan da aka shiga Sinja a 2024 wasu suka ƙaru. Gidan da aka gina wa mutum takwas ya koma ɗaukar talatin. Mutum yana kallon gwaggonsa tana kwana ƙarƙashin tamfol, ƙasa ta zama caɓi, me kuke so ya yi? Ni ma na yi ciko a gidana, kuma ba don gadara ba. An zuba wa titinmu ƙasa shekara da shekara har ya fi ƙofata tsawo, ruwan titi ya riƙa shigo mini. Wa zan kai ƙara? Na sayi ƙasa na ɗaga nawa. Kowa ta kansa yake yi.

Maman Ihsan: To Abban Musa, da ka ɗaga naka, ruwan ina ya nufa?

Abban Musa: Titi ya koma, inda ya fito. Ni ba wanda yake bayana, filin makaranta ne.

Maman Ihsan: Ka ga bambancin kenan. Shi wannan akwai mutane a bayansa, kuma ya san da rariyar, a gabanta ya girma. Ba wanda ya ce kada ya yi wa gwaggonsa ɗaki, Allah ya ba shi lada. Amma ladan ba zai fito daga katangar wasu ba. Unguwarmu haka ake ta yi: wannan ya ɗaga, na kusa da shi ya ɗaga fiye da shi, mai kuɗin gallab uku ya wuce mai kuɗin ɗaya. Daga ƙarshe ruwan layi gaba ɗaya a gidan wa yake taruwa? Gidan bazawara, gidan tsohon da 'ya'yansa suka watse, gidan wanda ko kuɗin karo (amalanke) ɗaya na ƙasa ba shi da shi. Da idona na ga wata dattijuwa tana kwarfar ruwa da kwanon sha tun asuba har hantsi, gidajen da ke kewaye da ita duk a bushe.

Bello daga Kano: Salamu alaikum, ni baƙo ne a nan, dangin mahaifiyata ne a Mai Wurno. Me zai hana ta haƙa rami mai zurfi a tsakar gidan, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, ruwan ya riƙa tsotsewa? A wajenmu ana yi, kuma yana aiki. Ba sai ta roƙi kowa ba.

Usta Magini: Malam Bello, sannu da zuwa. A ƙasa mai yashi shawararka daidai ce. Amma ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da rani za ka ga ta dare, tsagar har ƙafar yaro tana shigewa. Ruwan farko da na biyu suna bin tsagar su shige, daga nan lakar ta kumbura ta rufe bakinta ruf, duk abin da ya sauka bayan haka a sama yake zama. Ramin zai cika a ruwa ɗaya ya tsaya a cike har ƙarshen harif, ya zama gidan sauro. In kuma kusa da gini aka haƙa shi, ɓarna ce kan ɓarna, don gefen da ya jiƙe yana ɗagawa, gefen da ya bushe yana zaune, ginin ya tsage a tsakani. Shi ya sa a garin nan ko ginin bulo kake gani da tsaga in ba a yi masa tushe mai kyau ba.

Bari in yi muku lissafi, don mutane suna raina ruwan tsakar gida. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. In gidan Maman Safiya murabba'in mita 300 ne, aka yi ruwa mai milimita 40, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, lita 12,000 kenan ta sauka mata. Ganga 60 mai cin lita 200. Ba a sa na kwanon maƙwabcin ba tukuna. Wane rami ne zai shanye wannan? Wace mace ce za ta kwarfe shi da bokiti? Gadarif tana samun wajen milimita 600 a shekara, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ruwan nan dole sai an ba shi hanya ya fita.

Gyaran kuwa ba mai wuya ba ne. Abu na farko, ya sa wa kwanon indararo, ya juya bakinsa zuwa cikin gidansa. Wannan aikin wuni ɗaya ne, kuma ba shi da wani uzuri a kai. Na biyu, a yanke simintin a gefe, faɗin taki ɗaya, daga tsohuwar rariyar zuwa titi, a tono har daidai tsohuwar ƙasa, a yi kwata da bulo a rufe ta da murfi da ake iya ɗagawa. Na fi son wannan a kan bututu, don lakar nan tana motsi, kuma ruwan tsakar gida yana ɗauke da ƙasa da ganye da leda. In dai sai an sa bututu, kada ya gaza inci 6, mai inci 4 zai toshe tun kafin Satumba. A ba shi gangare, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Kada a auna da ido. A samo siririn tiyo mai haske a cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a gindin rariyar, ɗaya ya riƙe ɗayan a bakin kwatar titi, a sa alama inda ruwan ya tsaya. Nan take kowa zai ga ina ne tudu, ina ne kwari, gardama ta ƙare.

Ɗan Kassala: Usta, duk wannan sai in ya yarda a taɓa masa siminti. Mutumin da ya ce ruwa na Allah ne?

Malam Na Sinja: Assalamu alaikum. Ruwa na Allah ne, gaskiya ya faɗa, amma cikon da simintin ba daga sama suka sauko ba. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa duk mun san shi, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Risalar da muka karanta a zaure kuma ta fito da shi fili a babin hukunce-hukunce: mutum ba zai yi abin da zai cuci maƙwabcinsa ba, kamar buɗe tagar da za ta leƙa gidansa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi, ko da a cikin mallakarsa ne. A lura da wannan na ƙarshen. Cewa gidana ne ba ta zama hujja ba.

A Muwaɗɗa ɗin dai akwai labarin Dahhaku ɗan Halifa, da ya so ya ratsa da hanyar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi. Aka kai wa Sayyidina Umar. Ya tambaye shi don me zai hana ɗan'uwansa abin da zai amfane shi, shi kuma ba zai cutu ba. Ya sake ƙi. Sai Umar ya rantse cewa ruwan sai ya wuce ko ta kan cikinsa ne, ya kuma ba da umarni aka ratsa. Malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta wa mutum sabuwar hanyar ruwa a filinsa. Amma ta Maman Safiya ba sabuwa ba ce. Hanya ce da aka gada, iyaye suka gani suka bari, kuma ƙa'idar malamai ita ce abin da aka tarar tun da can ana barinsa yadda yake. Wanda ya toshe, shi zai buɗe.

Abban Musa: Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, kuma ba don in kare kowa ba. Ruwan sama kaɗai ke bin rariyar nan? Don mun san yadda ake yi. A ce rariyar damina ce, amma rani da damina ruwan wanke-wanke da na wanki da na wankan yara duk ta nan suke bi. Mutum ya shekara yana shaƙar wari a tsakar gidansa, yana jin nauyin magana. Ranar da ya samu dama ya toshe, sai a ce shi ne azzalumi.

Malam Na Sinja: Tambayarka tana kan hanya, Abban Musa. Malaman da suka ce a bar tsohon abu yadda yake, su ne kuma suka ce cuta ba ta zama halal don ta daɗe. In ruwan ƙazanta ne yake bi, yana da haƙƙin ya hana, ko shekara nawa aka yi ana yi. Haƙƙin na ruwan sama ne kawai. Maman Safiya, ke za ki faɗa mana.

Maman Safiya: Malam, wallahi na sama ne kaɗai. Ruwan wanke-wankenmu gindin dalbejiya muke zubawa, na wanki kuma lungu ake kai shi a watsa. Da rani ma bulo muke sawa a bakin rariyar saboda kaji da kunama. Matarsa shaida ce, tare muke zaune shekara da shekaru, ita ta karɓi haihuwar Safiya. Abin da ya fi ci mini rai kenan. Tun ranar Talata ba ta leƙo ba, ni ma ban shiga ba, yaranmu da suke cin abinci kwano ɗaya yanzu kallon-kallo suke.

Hajiya Babba: Kunya ce ta hana ta, 'yata, ba ƙiyayya ba. Ta san abin da ya faru, kuma ba ta da iko da aljihun mijinta. Kada ki bari a yanke gaisuwa. Gobe ki aika Safiya ta gaishe ta kamar kullum.

Ummu Ayman: Ni ɓangaren shari'a na karanta, bari in ƙara a kan na Malam. Dokar mu'amaloli ta 1984 da kotunanmu suke aiki da ita daga fiƙihu ta ɗebo mafi yawan abin da ke cikinta. Ta san haƙƙin wucewar ruwa tsakanin fili da fili, kuma ba ta yarda mai gida ya yi amfani da mallakarsa ta hanyar da za ta yi wa maƙwabci mummunar cuta ba. Saboda haka in an je, akwai abin tsayawa a kai. Sai dai ban ba ki shawarar ki fara da can ba. Kafin a sa rana, a turo wanda zai duba, a saurari shaidu, harif ya wuce, katangar kuma ba za ta jira ba. Abin da za ki yi yanzu shi ne ki tara hujja. In an sake ruwa ki ɗauki bidiyo yana zuba daga kwanonsa kan katangar. Ki ɗauki hoton tsagar da wani abu a jikinta da zai nuna faɗinta, ki sake ɗauka bayan kowane ruwa. Ki tuna dattawan da suka san rariyar tun tana aiki, da maginin da ya yi masa cikon. Ko a zaman sulhu wannan zai yi miki amfani, don mutum yana saurin saukowa in ya ga an shirya.

Maman Ihsan: Ba wanda ya yi maganar masai. Maman Safiya, ruwan ya kai bakin ramin? Mu da muka ga kwalara a garin nan a 2023, ta sake dawowa a 2024, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba. In ramin ya cika ya tumbatso, ba gidanki kaɗai ba, har nasa da baƙinsa abin zai shafa. Ki kewaye bakin da buhunan ƙasa, ki ɗaga randunan sha daga ƙasa, ruwan sha a sa masa kulorin ko a tafasa. Wannan ma hujja ce da za a gaya masa, don tsofaffin da ya yi wa ɗakin su ne cutar ta fi saurin kayarwa.

Baba Alhaji: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta mini. A 1988 ina Hartum, a unguwar Ishash. Daren 4 ga Agusta aka yi ruwan da ya haura milimita 200, fiye da abin da garin yake samu a shekara guda. Mutane suna cewa Nilu ne ya ci gidaje, amma mu a unguwarmu kogi bai zo ba. Ruwan sama ne ya rasa hanya ya kwanta a gindin katangu, laka ta jiƙe, gidaje suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya. Kana tsaye za ka ji rugum a gabas, kafin ka juya ka ji a yamma. A daren nan na ga mutane suna fasa katangar gidansu da hannunsu don ruwan maƙwabci ya samu hanya, saboda sun gane in tasa ta faɗi tasu ce ta gaba. Katangar da kuke magana a kai ta mutum biyu ce. Sabbin ɗakunansa a jikinta suke. Ruwan da ya kwanta a gefenku yana ratsawa ƙarƙashin tushensa, shi ne bai sani ba tukuna.

Ga yadda ake yi. Ba a aika yaro, ƙanin miji ba zai iya da shi ba, shi ya sa ya samu bakin faɗa masa magana. A samu limamin masallacinku, da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, da mutum ɗaya na lajanar unguwa, wato kwamitinta, da magini. Kada a kira shi masallaci a gaban jama'a, zai ga an tozarta shi ya ƙeƙashe. A je gidansa da safe bayan an kwana ana ruwa, a sha shayinsa, a yaba masa abin da ya yi wa 'yan'uwansa, sannan a ce ya zo a zaga baya tare. Ya tsaya da ƙafarsa cikin ruwan, ya ga ɗakin da yaran suka tashi daga ciki. Magini ya auna a gabansa. Ajawid, wato dattawan sulhu, ba su cewa wane ne mai laifi, cewa suke yaya za a yi. Abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu, har da cewa ruwan sama kaɗai zai bi, don 'ya'yanku kada su sake wannan zaman.

Maman Safiya: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan je wajen matar liman da yamma.

Sani Jidda: Baba ya tuna mini 2009 a nan Jidda, ranar da alhazai suke fita Mina. Unguwanni irin su Ƙuwaiza a kan hanyar kwari aka gina su, shekaru ba a ga ruwa ba aka manta. Ranar da ya zo, sama da mutum ɗari suka rasu. Maman Safiya, in an tsayar da kuɗin aikin a faɗa a nan, ni zan sa hannu a rabonki.

Abban Musa: To nan ne zan sake magana. Sani ya ce rabonta, kuma haka ya dace, a raba. Indararo nasa ne shi kaɗai, ban musa ba. Amma kwatar ruwan gidanta za ta ɗauka, ta cikin gidansa, a fasa masa simintin da bai gama biyan bashinsa ba. A ce kuma shi zai biya duka? Mutumin da yake ciyar da gida uku?

Ummu Ayman: A hukunce shi zai biya, Abban Musa, don kafin ya taɓa wurin ba wanda yake bukatar kwata. In ta sa wani abu, kyautatawa ce, kuma a rubuta haka a takardar. Kada gobe a ce ai saya ta yi, ko a ce aro aka ba ta ana iya karɓewa.

Yakubu na Ƙasan Layi: Ina ta karantawa ban ce komai ba. In na gane layin da ake nufi, ni a ƙarshensa nake, wajen da kwatar take gangarawa Hor Abu Farga, kwarin da ya ratsa garin. Kuna ta shirin buɗe wa ruwa hanya zuwa titi, to kwatar titin a cike take da ƙasa da leda da tokar gidaje, wani ma ya zuba ciko a kanta don motarsa ta riƙa shiga. Bana ba a yashe ta ba. Duk gangar da Usta ya lissafa, in ta fito daga gidan Maman Safiya, ƙofata za ta zo. Ba ina cewa kada a buɗe ba. A buɗe, amma a haɗa da nafir, wato aikin gayya, kowane gida ya ba da mutum ɗaya.

Usta Magini: Gaskiyarka Yakubu. Kuma daga wajenka za a fara, a yaso daga bakin hor a hauro sama, in an fara daga sama ruwa zai biyo masu aikin ya cika abin da suka tona. Ƙasar da aka fitar kada a tara ta a bakin kwatar, ruwa ɗaya zai mayar da ita. A kwashe a kai gindin katangar Maman Safiya a daddale, da gangare zuwa tsakar gida, ta riƙe kafin a gama sulhu. Juma'a bayan asuba ya yi? Ina da shebur huɗu da diga biyu, sai a nemo baro.

Abban Musa: Juma'a ta yi. Zan kawo karo da yarana biyu, kuma mai motar nan ni zan yi masa magana, abokin kasuwancina ne. Amma maganar kuɗin kwata ban sauka ba, Ummu Ayman. In an zauna a kira ni, zan faɗa a gaban liman.